Margaret Thatcher: Shugabar da Birtaniya Ta Kasa Haɗa Baki a Kanta

Ranar 17 ga Afrilu, 2013, aka yi jana'izar Margaret Thatcher a majami'ar Saint Paul da ke Landan, da faretin soja da manyan baƙi daga ƙasashen duniya. Sarauniya Elizabeth da kanta ta halarta, abin da ba ta yi wa wani firaminista ba tun jana'izar Winston Churchill a 1965. A wannan rana kuma, a Goldthorpe, wani ƙauyen masu haƙar kwal a arewacin Ingila, jama'a sun fito titi da akwatin gawa da mutum-mutuminta suka cinna masa wuta suna murna. Ga wanda ya tashi inda ake cewa a yafe wa mamaci a rufa masa asiri, wannan abu ne mai wuyar haɗiya, musamman da yake tsohuwa ce mai shekara 87 wadda ta bar mulki shekara ashirin da biyu kafin rasuwarta. Amma mutanen Goldthorpe ba mahaukata ba ne, waɗanda suka cika titunan Landan suna jimami su ma ba munafunci suke yi ba. Kowane ɓangare yana ba da labarin abin da ya gani ne a shekara goma sha ɗaya da rabi da ta yi tana mulki, daga Mayun 1979 zuwa Nuwamban 1990.

Abin da ya sa rigimar ta ƙi mutuwa, a ganina, shi ne ribar manufofinta da asararsu ba a kan mutane ɗaya suka sauka ba, ba kuma a garuruwa ɗaya ba, sannan ita kanta ba ta taɓa yarda cewa waɗanda suka yi asara suna bin ƙasa wani bashi ba. Rarrabuwar kai da ta bari tana cikin salon mulkinta tun daga tushe, domin ta sha bayyana cewa siyasar sasantawa da neman yardar kowa ita ce ta durƙusar da Birtaniya.

An haife ta a 1925 a Grantham, a gidan da ke saman kantin kayan masarufi na mahaifinta, Alfred Roberts, mai wa'azi a ɗariƙar Methodist wanda daga baya ya zama magajin garin. Ta karanta ilimin sinadarai a Oxford, ta zama lauya, ta shiga majalisa a 1959 tana wakiltar Finchley, sannan a 1975 ta kayar da Edward Heath ta karɓe shugabancin jam'iyyar Conservative ta masu ra'ayin riƙau. Tarbiyyar kanti ba ta bar ta ba har ƙarshen rayuwarta: kada ka kashe abin da ba ka samu ba, kada ka jira wani ya ciyar da kai, wanda kuma ya yi gumi shi ya cancanci cin riba. Masoyanta suna kiran wannan gaskiya da riƙon amana. Masu suka suna cewa ƙasa ba kanti ba ce.

Ko maƙiyanta ba sa musun cewa Birtaniyar da ta gada tana cikin mawuyacin hali. A 1975 hauhawar farashi ta haura kashi 25 cikin ɗari. A 1976 gwamnatin jam'iyyar Labour ta je neman rance wurin Asusun Ba da Lamuni na Duniya, abin da mutanen ƙasar da ta taɓa mulkin kashi ɗaya cikin huɗu na duniya suka ɗauka a matsayin tozarci. A hunturun 1978 zuwa 1979 yajin aiki ya mamaye ko'ina, shara ta taru a tsakiyar Landan, a Liverpool ma masu haƙa kabari sun ajiye aiki. Kafin wannan, yajin aikin masu haƙar kwal ya taimaka wajen kayar da gwamnatin Heath a 1974, gwamnatin da Thatcher take minista a cikinta, kuma ba ta manta ba. Saboda haka kowa ya yarda akwai ciwo. Inda aka rabu shi ne a kan maganin da ta zaɓa da kuma yawan da ta ɗura wa majinyacin.

Gwamnatinta ta sa yaƙi da hauhawar farashi gaba da komai. Aka ɗaga kuɗin ruwa zuwa kashi 17 cikin ɗari a ƙarshen 1979, aka tsuke kashe kuɗin gwamnati, aka rage harajin albashi mafi girma daga kashi 83 zuwa 60, daga baya a 1988 zuwa 40, aka kuma ɗaga harajin kayan saye zuwa kashi 15, wanda nauyinsa ya fi sauka a kan mai ƙaramin ƙarfi. Darajar fam ta yi sama, kayan masana'antun Birtaniya suka yi tsada a kasuwar duniya, masana'antu suka riƙa rufewa a Birmingham da Sheffield da Glasgow da Liverpool. A farkon 1982 marasa aikin yi sun haura miliyan 3, adadin da ba a gani ba tun shekarun 1930. A 1981 masana tattalin arziki 364 suka sa hannu a wata wasiƙa suna gargaɗin cewa hanyar ba za ta ɓulle ba, a shekarar kuma aka yi tarzoma a Brixton da Toxteth. Ba ta janye ba. Zuwa 1983 hauhawar farashi ta sauko ƙasa da kashi 5, kuma daga nan tattalin arzikin ya shiga shekarun bunƙasa. Har yau masana suna gardama a kan ko da yawa daga cikin masana'antun da suka mutu dama ajalinsu ya zo, ko kuwa tsananin maganin ne ya kashe har da masu lafiya.

Inda raunin ya fi zurfi shi ne yajin aikin masu haƙar kwal na Maris 1984 zuwa Maris 1985, kuma duk wanda bai fahimci wannan shekara ba ba zai fahimci Goldthorpe ba. Hukumar kwal ta ƙasa, ƙarƙashin Ian MacGregor, ta sanar da rufe ramuka 20 da sallamar ma'aikata kusan 20,000. Shugaban ƙungiyar masu haƙar, Arthur Scargill, ya ce wannan somin taɓi ne, ainihin shirin ya fi haka nesa ba kusa ba, gwamnati kuma ta ƙaryata shi. Takardun majalisar ministoci da aka saki a 2014 sun nuna cewa lallai an tattauna shirin rufe ramuka 75 cikin shekara uku. A wannan gaɓar Scargill ya faɗi gaskiya. Sai dai shi ma ya tafka kurakuran da suka kashe yajin: ya ƙi kiran ƙuri'ar ƙasa baki ɗaya ta 'yan ƙungiyar, abin da ya ba yawancin masu haƙar Nottinghamshire hujjar ci gaba da aiki, kuma ya fara yajin ana fita daga hunturu, lokacin da buƙatar kwal ke raguwa, alhali gwamnati ta daɗe tana tara kwal a tashoshin wutar lantarki tana jiran wannan rana.

Shekara guda iyalai suka yi ba albashi. Mata suka buɗe wuraren dafa abinci na taimakon juna, aka sayar da kayan ɗaki, aka ci bashi, kuma a ƙauyuka da dama wa da ƙane suka daina gaisawa saboda ɗaya ya koma aiki. Ranar 18 ga Yuni, 1984, a Orgreave kusa da Sheffield, 'yan sanda bisa dawakai suka afka wa dubban masu yajin, aka gurfanar da mutum 95, amma shari'ar ta rushe a 1985 bayan da shaidar 'yan sanda ta kasa tsayuwa a kotu, daga baya kuma rundunar yankin ta biya wasunsu diyya. Wata guda bayan Orgreave, Thatcher ta gaya wa 'yan majalisar jam'iyyarta cewa an yi maganin maƙiyi na waje a yaƙin da aka yi da Ajantina a kan tsibiran Falkland, saura maƙiyi na cikin gida, wanda ya fi wuyar yaƙa. Magoya bayanta sun ce shugabannin ƙungiyar take nufi. Masu haƙar kwal, waɗanda iyayensu da kakanninsu suka yi wa ƙasar yaƙin duniya biyu, sun ji cewa da su ake, kuma wannan kalma ta fi rufe ramukan zama a zukatansu.

Adalci ya wajabta a faɗi cewa kwal ya fara ja baya tun kafin zuwanta, kuma gwamnatocin Labour na Harold Wilson sun rufe ramuka fiye da waɗanda aka rufe a zamaninta. Bambancin shi ne a shekarun 1960 wanda aka rufe raminsa yakan samu aiki a wani ramin ko wata masana'anta. A shekarun 1980 babu inda za shi. Ƙauyen da aka gina a bakin rami, da makarantarsa da kulob ɗinsa da ƙungiyar ƙwallonsa duk suna rataye a kan albashin ramin, idan aka rufe ramin ba tare da an kawo wani abu ba, an rufe ƙauyen ke nan. Da yawa daga cikin mazajen da suka rasa aiki sun koma karɓar kuɗin tallafin rashin lafiya ba su sake aiki ba har suka mutu. Gwamnati ta yi imani cewa kasuwa za ta kawo sababbin ayyuka, kuma ta kawo, amma yawancinsu a kudancin Ingila, ɗaruruwan mil daga inda aka yi asarar.

A kudancin kuwa labarin daban ne, kuma shi ma gaskiya ne. Dokar gidaje ta 1980 ta ba masu haya a gidajen ƙananan hukumomi damar sayen gidan da suke ciki da rangwame mai yawa, daga kashi 33 zuwa 50 da farko. Fiye da iyalai miliyan ɗaya suka mallaki gida a zamaninta, da yawansu ma'aikatan da iyayensu ba su taɓa mafarkin barin gado ba. Idan ka tambayi irin wannan iyali a Essex, za su ce maka ita ce shugabar farko da ta ɗauke su a matsayin mutane masu iya tsayawa da ƙafarsu. Aibin shi ne an ɗaure hannun ƙananan hukumomi wajen amfani da kuɗin cinikin don gina wasu gidajen, sai rumbun gidajen talakawa ya yi ta raguwa, kuma wani kaso mai yawa na gidajen da aka sayar yanzu yana hannun masu ba da haya da tsada. Iyayen sun ci moriya, jikokin suna biyan haya.

Haka batun cefanar da kamfanonin gwamnati. An sayar da kamfanin tarho British Telecom a 1984, na iskar gas a 1986, kamfanin jiragen sama British Airways a 1987, na ƙarafa a 1988, na ruwa a 1989, sannan aka fara na wutar lantarki a 1990. Miliyoyin talakawa suka sayi hannun jari karon farko, ko da yake da yawa sun sayar da wuri suka karɓi ribarsu. A harkar tarho da jiragen sama, inda gasa take yiwuwa, mutane kaɗan ne suke son a koma gidan jiya. Ruwa kuwa, inda mai famfo ba shi da zaɓin wani kamfani, ya zama babbar hujjar masu suka, ganin bashin da ya yi wa kamfani irin Thames Water katutu da kuma ƙazantar da ake zubarwa a koguna. A Oktoban 1986 aka sassauta dokokin kasuwar hannun jari ta Landan, bankunan duniya suka kwararo, birnin ya zama cibiyar hada-hadar kuɗi da ke gogayya da New York. Bayan rushewar bankuna a 2008 aka sake buɗe gardamar ko ƙasar ta jingina da banki fiye da kima. Akwai kuma man fetur na Tekun Arewa, wanda kuɗinsa ya kwararo daidai lokacin mulkinta, aka kashe shi wajen rage haraji da biyan marasa aiki, alhali Norway, da ke haƙa a teku ɗaya, ta kafa asusun ajiya don na baya. Wannan gardama ba baƙuwa ba ce ga ɗan Najeriya.

Abin da alƙaluma suka tabbatar shi ne matsakaicin iyali ya fi samun kuɗi a 1990 a kan 1979, kwanakin da ake asara a yajin aiki sun ragu ƙwarai, amma tazarar mai kuɗi da talaka ta buɗe da saurin da ba a taɓa gani ba tun bayan yaƙin duniya na biyu, kuma yawan yaran da ke cikin talauci ya kusan ninkawa. Kowane ɓangare yana da alƙaluman da zai ɗaga.

Yaƙin Falkland na 1982 ya ceci siyasarta a lokacin da farin jininta ya yi ƙasa. Sojojin Ajantina sun mamaye tsibiran a Afrilu, ta aika rundunar ruwa tafiyar mil 8,000, aka ƙwato su a tsakiyar Yuni, bayan mutuwar sojan Birtaniya 255 da na Ajantina 649. A Ireland ta Arewa ta ƙi biyan buƙatun fursunonin IRA, ƙungiyar da ta ɗauki makami don raba yankin da Birtaniya, masu yajin cin abinci a 1981 har mutum goma suka mutu, ciki har da Bobby Sands wanda aka zaɓa ɗan majalisa yana kurkuku. A 1984 IRA ta dasa bam a otal ɗin da take kwana a Brighton, mutum biyar suka mutu, ita kuma ta hau mumbari ta yi jawabinta a ranar kamar yadda aka tsara. Duk da haka ita ce ta sa hannu a yarjejeniyar 1985 da ta ba gwamnatin Jamhuriyar Ireland da ke Dublin bakin magana a harkokin yankin, abin da ya fusata masu goyon bayan zama cikin Birtaniya. Ta fi iya sassauci a aikace fiye da yadda take so a sani.

A Afirka ma hakan ta faru. Ta hau mulki ana zaton za ta amince da gwamnatin Bishop Muzorewa a Rhodesia (Zimbabwe ta yanzu), wadda fararen fata ke riƙe da linzaminta. Ana jajiberin taron ƙasashe renon Ingila a Lusaka a 1979, gwamnatin Janar Obasanjo ta ƙwace kadarorin kamfanin BP a Najeriya, saƙon kuma ya isa Landan. Daga Lusaka aka wuce teburin sulhu na Lancaster House a Landan, wanda ya kai ga 'yancin Zimbabwe a Afrilun 1980. Amma a kan Afirka ta Kudu ta kafe. Ta ƙi amincewa da cikakken takunkumin tattalin arziki a kan gwamnatin wariyar launin fata, tana cewa baƙar fata ne zai fi shan wuya, har ƙasashe 32, ciki har da Najeriya, suka ƙaurace wa wasannin ƙungiyar a Edinburgh a 1986, kuma a 1987 ta kwatanta ANC da ƙungiyar 'yan ta'adda. Masu kare ta suna nuna cewa ta matsa wa shugaban Afirka ta Kudu na lokacin, P. W. Botha, a asirce ya saki Nelson Mandela, kuma hakan ya tabbata. Sai dai a idon yawancin 'yan Afirka, matsin da ba a gani ba bai goge tsayuwar da aka gani ba, shi ya sa lokacin da ta ziyarci Najeriya a Janairun 1988, har aka shirya mata hawan daba a Kano, ta tarar da masu zanga-zanga suna jiranta. Lokacin kuwa shirin SAP na Janar Babangida, na karya darajar naira da janye tallafi da sayar da kamfanonin gwamnati, yana cikin shekararsa ta biyu, kuma tunanin da ya haife shi ɗan uwan nata ne.

Abin da ya kayar da ita haraji ne. Gwamnatinta ta soke harajin ƙananan hukumomi da ake ƙiyastawa bisa darajar gida, ta kawo harajin kai, wanda kowane baligi a yanki ɗaya zai biya daidai wa daida, mai fada da mai shara, sai ɗan rangwame ga marasa ƙarfi. Mutanen Kano da Kaduna, waɗanda gwamnonin PRP suka soke musu haraji da jangali a 1979, sun san irin ƙiyayyar da harajin kai yake haifarwa. An fara shi a Scotland a 1989, shekara guda kafin Ingila da Wales, abin da mutanen Scotland suka ɗauka a matsayin an mai da su zakaran gwajin dafi. Miliyoyi suka ƙi biya, kuma ranar 31 ga Maris, 1990, zanga-zanga a dandalin Trafalgar ta rikiɗe zuwa tarzoma. A lokaci guda tana rigima da manyan ministocinta a kan Turai. Ita da ta sa hannu a yarjejeniyar 1986 da ta share fagen kasuwar bai ɗaya ta Turai, ita ce kuma a jawabinta na Bruges a 1988 ta yi gargaɗi a kan babbar gwamnatin Turai mai mulki daga Brussels, jawabin da masu neman ficewa daga Tarayyar Turai suka riƙe kamar wasiyya. Da Geoffrey Howe, ministan da ya fi kowa daɗewa tare da ita, ya yi murabus ya kuma caccake ta a majalisa, tsohon ministanta Michael Heseltine ya fito takarar shugabancin jam'iyya da ita. A cikin 'yan majalisar jam'iyyar ta samu ƙuri'a 204, shi 152, ƙuri'a huɗu kacal suka hana ta cinyewa a zagayen farko. Ministocinta suka shiga ɗaya bayan ɗaya suna gaya mata ba za ta kai labari ba. Ba masu zaɓe ne suka cire ta ba, 'yan gidanta ne.

Ta ci zaɓe uku a jere, a 1979 da 1983 da 1987, amma ko sau ɗaya jam'iyyarta ba ta kai kashi 44 cikin ɗari na ƙuri'un ba. Tsarin zaɓen Birtaniya da rabuwar kan 'yan adawa ne suka mai da wannan kaso gagarumin rinjaye a majalisa, ita kuma ta yi amfani da rinjayen kamar ƙasar gaba ɗaya ce ta ba ta. A Scotland kujerun jam'iyyarta sun sauko daga 22 a 1979 zuwa 10 a 1987, a 1997 kuma ba ta samu ko ɗaya ba, kuma ƙin mulkin da ba su zaɓa ba yana cikin abubuwan da suka ƙarfafa neman majalisar Scotland da aka buɗe a 1999.

Babbar nasararta kuwa a cikin jam'iyyar adawa take. Shugaban jam'iyyar Labour na lokacin, Tony Blair, ya cire alƙawarin mallakar gwamnati a kan masana'antu daga kundin Labour a 1995, kuma da ya hau mulki a 1997 bai mayar da kamfanonin da ta sayar ba, bai kuma soke yawancin dokokin da ta ɗaure ƙungiyoyin ƙwadago da su ba. Wannan ya sa mutanen tsofaffin garuruwan kwal da ƙarafa suka wayi gari babu babbar jam'iyyar da ke cewa an zalunce su. Da yawa daga waɗannan garuruwa sun zaɓi ficewa daga Tarayyar Turai a 2016, wasunsu kuma a 2019 suka zaɓi jam'iyyar Thatcher ɗin kanta, karon farko cikin shekaru masu yawa, ba don sun yafe mata ba, sai don sun gaji da jiran waɗanda suke zaton nasu ne.

Ko mutum-mutuminta ya rasa wurin tsayawa cikin kwanciyar hankali. Hukumar Westminster ta ƙi yarda a kafa shi kusa da majalisa a 2018, bayan an nuna fargabar masu ɓarna za su far masa. Aka kai shi garinsu Grantham, aka ɗora shi a kan dakali mai tsawon ƙafa goma don kada hannu ya kai gare shi, aka sa kyamarori suna gadinsa. An kafa shi a Mayun 2022, kuma kafin a yi 'yan sa'o'i wani ya jefe shi da ƙwai.